Daga Kwafar Yayi Zuwa Zanen Kanta: Tafiyar Wata Ɗalibar Zango a Fannin Surfani

Babu lungun da za ka shiga a zangon Kumasi ko Nima ba ka ji ƙarar keken ɗinki ba. Teloli mata muna da su birjik. Amma yawancinsu aikinsu ɗaya ne: mai kaya ta zo da hoto a waya, ta ce “irin wannan nake so”, a kwafa mata. Masu zauna wa su ƙirƙiro zanen da wasu za su kwafa, su ne ba mu da su sosai.

Labarin wata ɗaliba 'yar zango da ta karanci fannin yadi a babbar sakandare ya nuna yadda ake cike wannan giɓi. Ta shiga aji ɗaya da hannu mai kyau, domin ta taso a shagon innarta. Sai malamarsu ta sa ta ajiye allura ta ɗauki fensir. Wata da watanni ba ta yi komai ba sai cika littafin zane: tambarin adinkra na Ntonso, layukan kente na Bonwire, ratsin fugu na Daboya. Ita kanta ta ce a lokacin gani take ɓata lokaci ne kawai.

A shekara ta biyu aka ce kowa ya nemo zane daga gidansu. Nan ta tuna da babbar rigar kakanta. Ta je wurin wani dattijo mai surfanin hannu, ya nuna mata aska biyu da aska takwas da ake yi a kan aljihun riga, da tambari, wato kewayen nan da ke ƙirji da baya. Asali wannan aikin maza ne, don rigar maza, kodayake a birnin Zariya mata sun daɗe da shiga cikinsa.

To, a nan fa aikin ya fara. Zanen da aka yi don shadda mai kauri, idan ka ɗora shi yadda yake a kan yadin mata mara nauyi, zaren zai ja yadin ya takure. Dole ta rage girman askar, ta rage yawan zare, ta sauko da zanen daga ƙirji zuwa bakin hannun abaya da gefen mayafi. Kowane gwaji sai ta fara yi a ƙyalle, ta wanke, ta shanya a rana, ta ga ko zaren zai zuba. Ƙyallayen da suka lalace ma ba ta zubar ba, ta liƙa su a littafi da bayanin abin da ya faru.

A aji uku, lokacin aikin hannu na jarrabawar WASSCE, ta koyi abin da ya fi wuya: lissafi. Kuɗin yadi, kuɗin zare, da awannin da ta zauna. Da yawa daga telolinmu ba sa ƙirga awannin, shi ya sa za su yi aikin Sallah ba barci, a ƙarshe babu riba.

Me ya sa wannan ya dame mu? Ai kasuwa ta canza. Gwanjon Kantamanto ya fi ɗinki araha, kuma injin surfani mai kwamfuta yana gama cikin awa abin da hannu ke kwanaki a kai. Mai kwafa ba za ta iya gasa da su ba. Mai zanen kanta kuwa, injin ma ita zai yi wa aiki.

Hanya kuma a buɗe take. Tun 2017 babbar sakandare ta gwamnati kyauta ce a Ghana, kuma Jami'ar Fasaha ta Kumasi da KNUST duk suna koyar da fannin yadi da tufafi.

Iyaye, idan yarinya ta gama ƙaramar sakandare hannunta na son allura, kada a yi saurin cewa makaranta ta ishe ta haka, ta tafi wurin madam. Shago zai koya mata yanka da ɗinki, makaranta ta koya mata zane da lissafi. A bar ta ta haɗa biyun.