Jirgin Saman Da Aka Tono Daga Ƙarƙashin Ciyawa

Kwanakin baya muna cikin duba aikin ɗalibanmu a ɗakin koyon sassaƙa na kwalejin horon malamai, sai wani daga cikinsu ya ce mana shi bai ga amfanin wahalar da kai wajen koyon zarto da guduma ba, tun da ya ke yanzu inji ke yin kome. Ba mu yi masa gardama ba. Sai muka ba su labarin wani tsohon jirgin sama na ƙasar Ingila, wanda ya yi fiye da shekara 20 yashe a gona, amma masu aikin hannu suka tashe shi har ya koma sama. Da muka ga yadda labarin ya shige su, sai muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu shi, domin akwai abin lura a ciki.

Akwai wani ƙauye arewa da birnin Landan, cikin lardin Bedfordshire, ana ce da shi Old Warden. A nan aka haifi wani Bature mai suna Richard Shuttleworth cikin 1909. Gidansu masu dukiya ne, sun kuwa same ta ne ta wajen ƙera injunan noma. Tun yana saurayi ba abin da ya ke so kamar inji. Ya yi suna wajen tseren mota, har ya ci babban tseren Donington cikin 1935, amma a shekarar da ta biyo ya yi mummunan haɗari a Afirka ta Kudu, daga nan ya bar tsere. Jirgin sama kuwa tun 1932 ya sayi nasa, wani ɗan ƙarami samfurin Moth, wanda tun daga lokacin Old Warden ne mazauninsa.

A wancan zamani ba wanda ya damu da tsohon jirgi. Kowace shekara sabon samfuri na fitowa, ya fi na bara sauri da ƙarfi, saboda haka na da sai a fasa shi, a sayar da ƙarfen, a hura wuta da katakon. Shi kuwa Shuttleworth sai ya ga in aka ci gaba da haka, ba da daɗewa ba za a wayi gari babu ko ɗaya daga cikin jiragen da aka fara koyon tashi da su. Sai ya shiga cigiya.

Yadda a ke bin sawu

Mai neman tsohon jirgi kamar mai bin sawun ɓatacciyar dabba ya ke, sai dai shi a takarda ya ke fara ganin sawun. Kowane jirgi yana da lambar da maƙeransa suka buga masa, injinsa ma haka. Tun bayan Yaƙin Duniya na Farko kuma aka tilasta wa kowane jirgin farar hula ya yi rajista, a rubuta masa haruffa a jiki. Na Ingila da harafin G su ke farawa. Ban da wannan akwai littafin da ke bin jirgi duk inda ya tafi, inda a ke rubuta kowace tafiya da kowane gyara, da sunan wanda ya yi. Inda aka rasa waɗannan, sai a koma ga tsofaffin jaridu da hotuna, da bakin dattawan da suka ga abin da idonsu.

Ta irin wannan cigiya Shuttleworth ya sami jirage biyu cikin 1935 a hannun wani mutum a garin Ampthill, kusa da su. Ɗaya samfurin Blériot ne na 1909, watau irin wanda Louis Blériot, mutumin Faransa, ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi ran 25 ga Yuli, 1909. Injinsa silinda uku gare shi, ƙarfinsa bai wuce na doki 25 ba. Ɗayan kuwa Deperdussin ne na 1910. Duka biyu ya gyara su, ya tashi da su. Wannan Blériot shi a ke lissafawa mafi tsufa cikin jiragen duniya da ke iya barin ƙasa.

Amma wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne na uku. Cikin 1912 wani maƙerin jirage mai suna Robert Blackburn ya ƙera wani jirgi a birnin Leeds, mai ɗaukar mutum ɗaya. Faɗinsa daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ƙafa 32 ne, gudunsa kamar mil 60 cikin sa'a guda. Cikin 1913 har jaridu aka yi ta kaiwa da shi daga Leeds zuwa York. Daga baya aka sayar wa wani ɗan manomi, shi kuwa ya faɗi da shi a gonarsu a Wittering cikin 1914. Shekarar nan yaƙi ya ɓarke, hankalin kowa ya koma can, aka ture tarkacen gefe guda aka manta. Sai cikin 1938 jirgin ya shiga hannun Shuttleworth. An tarar da yawancinsa a ƙarƙashin tarin busasshiyar ciyawar dabbobi, har ana ba da labari cewa sai da ya sayi ciyawar tukuna ya sami damar fitar da shi.

Yadda a ke gyaran

To, samun jirgi abu ɗaya ne, tashinsa kuma wani abu ne dabam. Ya kamata mai karatu ya san cewa jiragen wancan zamani yawancin jikinsu katako ne da yadi da waya. Akan zaɓi itace marar nauyi mai jure lanƙwasa, a fere shi sirara sirara, a harhaɗa kamar haƙarƙari, shi ne ƙashin fiffike. Sa'an nan a lulluɓe da yadin lilin, a ɗinke shi da allura a jikin kowane haƙarƙari, ɗinki bayan ɗinki, kowanne da ƙullinsa. Bayan haka a shafa wani irin ruwan magani mai sa yadin ya ɗame kamar fatar ganga, ya hana iska da ruwa shiga.

Mai gyara ba ya amincewa da kome sai ya gwada. Yakan kware tsohon yadi duka, ya bi katakon ɗaya ɗaya yana neman inda ya ruɓe ko ya tsage. Yakan fi sa ido a mahaɗa, domin gam ɗin da aka yi aiki da shi a jirage da yawa na da daga madara a ke yinsa, in ya sha laima shekara da shekaru sai ya saki, a ga mahaɗa kamar lafiya lau alhali ba abin da ke riƙe da ita. Abin da ya lalace sai a auna shi, a zana, a sassaƙa irinsa daidai. In an yi sa'a akwai zanen maƙera na asali, to, aiki ya yi sauƙi. In babu, sai a dogara ga ɓangaren da ya tsira, a dubi fiffiken dama a yi na hagu.

Inji kuma da tasa rigimar. Na Blackburn ɗin nan, samfurin Gnome mai silinda bakwai da ƙarfin doki 50, ba kamar na mota ya ke ba. Shi duk jikinsa ne ke juyawa tare da farfela, sandar tsakiya ce ke tsaye. Man da a ke zuba masa domin kada ya ci kansa man zurma ne, saboda shi ba ya narkewa cikin fetur, kuma injin yana fesar da shi waje yana tafiya, har ya ɓata wa matuƙi fuska. Ba kantin da za a je a sayo kayan irin wannan inji. Abin da ya karye sai makaniki ya zauna ya ƙera shi da hannunsa.

Daga ƙarshe sai ɗaurin wayoyi, wanda shi ne ke nuna gwani. Wayoyin nan su ke riƙe da fukafukai, kuma da su matuƙi ke murɗa bakin fiffike in yana so ya karkata, gama da yawa daga cikin jiragen farko ba su da 'yan marafan nan da a ke gani a fukafukan jiragen yanzu. In wata waya ta fi 'yar'uwarta ɗamewa ko da kaɗan ne, jirgi zai riƙa rinjaya gefe guda. Wannan sani ba ya shiga littafi duka. Sai yaro ya tsaya kusa da babba, ya taɓa wayar ya ji da yatsansa.

Wanda ya fara bai ga ƙarshe ba

Shuttleworth ya soma gyaran Blackburn, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya shiga sojan sama. Ran 2 ga Agusta, 1940, yana koyon tashin dare, jirginsa ya faɗi, ya mutu yana da shekara 31. A nan da labarin ya ƙare, da kayan sun watse kamar yadda kayan mamaci su kan watse. Amma mahaifiyarsa, Dorothy Shuttleworth, ta ƙi. Cikin 1944 ta mayar da dukiyar ta zama amana domin koyar da ilmin noma da na jirgin sama, abubuwa biyu da ɗanta ya fi so. Babban makanikinsa, L. A. Jackson, ya koma kan aikin bayan yaƙi, ya ƙarasa. Ran 17 ga Satumba, 1949, jirgin nan ya tashi, shekara 35 bayan faɗuwarsa. Shi ne mafi tsufa cikin jiragen ƙirar Ingila da ke tashi. Cikin 1963 aka buɗe wurin domin jama'a su riƙa zuwa kallo.

Tun daga nan jirage suka yi ta komowa gida daga wurare masu nisa. Masu karatu sun san cikin Nuwamba 1925 ne jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano, samfurin DH.9A. Haruffan nan biyu na sunan de Havilland ne, mashahurin mai tsara jirage. To, a wannan shekara kamfaninsa ya ƙera wani jirgi samfurin DH.51, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Mombasa, ya zama jirgi na farko da aka yi wa rajista a Kenya. Uku kaɗai aka taɓa ƙerawa irinsa. Ya yi shekara 40 a can, sa'an nan cikin 1965 aka ɗauko shi cikin wani babban jirgin kaya aka mayar da shi Ingila, yana Old Warden.

Abin da ya fi daɗa mana, mu da aikinmu horon malamai ne, shi ne hannun da 'yan koyo suka sa cikin wannan aiki. Akwai wani Moth na 1925, wanda ya fi kowane Moth mai tashi tsufa. Yaran da ke koyon sana'a a kamfanin de Havilland su ne suka sake gina shi cikin 1951. Sun ceci jirgin, shi kuma ya koya musu aikin da iyayen gidansu suka yi tun ba a haife su ba. Da tsohuwar zuma a ke magani.

A tashi da shi ko a ajiye?

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, akwai gardama a kan wannan al'amari, kuma kowane gefe yana da hujja. Waɗansu sun ce abin da ya rage guda ɗaya tak a duniya bai kamata a yi kasada da shi ba, a rataye shi a gidan tarihi kowa ya gani. Maganarsu ba ta banza ba ce. Ran 1 ga Yuli, 2012, wani ɗan ƙaramin jirgi samfurin DH.53 na 1923 ya faɗi a Old Warden, matuƙinsa, wanda gogagge ne ƙwarai, ya rasa ransa. Suna kuma tambaya, in an sake yadi, an sake rabin katako, an sake waya, shin jirgin 1912 ne har yanzu? Kamar fartanyar da aka gada ce, an sake mata ƙota sau uku, an sake ruwa sau biyu, ana ce da ita ta kaka.

Waɗansu kuwa sun ce jirgin da aka rataye gawa ne. Ba a jin ƙararsa, ba a san yadda ya ke amsa hannu ba, kuma da zarar an daina tashi da shi ba sauran dalilin da zai sa wani ya koyi ɗinkin fiffike ko gyaran injin Gnome. Bayan tsara ɗaya sai a sami jirgin a rataye, ba mai iya taɓa shi.

Mu dai a ganinmu na biyun nan sun fi kusa da gaskiya, muddin an kiyaye haddi, kuma ran mutum ya fi kowane katako daraja. Mutanen Old Warden kansu ba sa fitar da jiragen nan mafiya tsufa sai da maraice, in iska ta kwanta sarai. Blériot ɗin ma ba a barinsa ya yi nisa, sai ya ɗan ɗaga sama ya bi tsawon fili ya sauka. In iska ta ƙi, 'yan kallo su koma gida ba su gani ba. Game da fartanyar kaka kuwa, amsarmu ita ce abin da aka gada ya haɗa da sanin yadda a ke ƙera ta da yadda a ke riƙe ta, wannan kuwa ba ya zama sai ana aiki da ita.

In mai karatu ya duba labarin nan daga farko, zai ga mutum huɗu ne suka tashi jirgin Blackburn. Akwai wanda ya ajiye tarkace bai ƙone ba, da wanda ya yi cigiya, da wadda ta tsare amana bayan mai abu ya mutu, da wanda hannunsa ya san aikin. Da an rasa ɗaya daga cikinsu, da ba mu da labarin da za mu bayar. Saboda haka mu ke roƙon malamai, musamman na aikin hannu, kada su yarda wani ya raina darasinsu, kuma su saba wa yara da rubuta abin da suka gyara da ranar da suka gyara shi. Ɗalibin nan namu bai ce mun rinjaye shi ba, amma da muka koma ɗakin sassaƙa mako na gaba, mun tarar da shi yana wasa zartonsa.