Ko Ka San Huhu Ba Ya Jan Iska da Kansa?

Huhun da ke ƙirjinka ba shi da tsokar da zai ja iska da ita. Mai wannan aiki wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki. Idan ta ja ta sauka, haƙarƙari suka ɗaga, ƙirji ya buɗe, sai iska ta kwararo ta cike gurbin, kamar zugazugin maƙeri idan an buɗa shi. Tana saki, iskar ta fice. Baligi da ke hutawa yakan yi haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, ko barci yake. Huhun dama kashi 3 ne, na hagu 2, ya ɗan matsa ya bar wa zuciya wuri.

Daga maƙogwaro hanyar iska takan rabu biyu, ta yi ta fitar da rassa tana sirancewa, har ta ƙare a 'yan mitsi-mitsin jakunkuna fiye da miliyan 300, kowace da siraran jijiyoyin jini nannaɗe a jikinta. A nan jini ke karɓar oksijin, ya sauke gurɓatacciyar iskar da ya kwaso.

Waɗannan jakunkuna ne ciwon nimoniya ke cikawa da ruwa da mugunya. Wurin musayar iska ya ragu, dole yaron da ya kamu ya riƙa numfashi sama-sama da sauri. Mukan ce sanyi ne ya shige shi, a shafa masa man zafi a lulluɓe shi, alhali ƙwayar cuta ce, hayaƙin itacen girki kuma na share mata hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ciwon ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 700,000. Abin takaici, maganinsa ba mai tsada ba ne, jinkiri ke kisa.

Uwa na iya gane shi a ɗakinta. Idan yaro yana tari, a ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu, a ƙirga numfashinsa na minti guda. Daga wata 2 zuwa 11, sau 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. In kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti.