Motsa Jiki Ga Masu Allurar Insulin: Abin Da Ya Kamata Ku Sani

Nacho Fernández yana ɗan shekara 12 likitoci suka gano yana da ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda sai da allurar insulin ake rayuwa da shi. A 2024 shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Real Madrid kofin zakarun Turai. Iyayen da ke hana yaro zuwa filin ƙwallo don yana kan insulin, tausayi ne ya sa su, amma hanin ba ya ƙara masa lafiya. Lissafi ya kamata a koya masa.

Mai lafiya in ya fara gudu, jikinsa kan rage insulin da kansa, hanta kuma ta saki suga cikin jini. Mai allura kuwa, abin da ya shiga ya riga ya shiga, bakin alƙalami ya bushe. Tsoka tana zuƙar suga, insulin yana ƙara tura mata, nan da nan sai suga ya faɗi. Kada ku ɗauka sai a filin wasa ake motsa jiki. Huɗa a gona, daka, jan ruwa a rijiya, tuƙa keke zuwa kasuwa, duk lissafinsu ɗaya ne.

Kafin ku fara, ku gwada jininku. Tsakanin 126 da 180 mg/dL, wato 7 zuwa 10 mmol/L, shi ne mafi dacewa. In ya gaza 90, ku ci ayaba ko yankan burodi tukuna. In ya haura 250, ku gwada fitsari ku ga ko akwai sinadarin kiton. Idan akwai, jiki na ƙarancin insulin ne, motsa jiki zai ƙara dagula lamarin, don haka ku haƙura ku nemi likita.

Wurin allura ma abin lura ne. Wanda ya soka a cinya ya shiga ƙwallo, insulin zai shiga jininsa da sauri fiye da yadda ya saba, balle a zafin bazara. Ciki ya fi. Rage adadin allura kafin wasa yana taimakawa ƙwarai, amma da likita ake tsara shi, musamman ga masu amfani da gaurayayyen insulin irin Mixtard, wanda ba a iya rage ɓangare ɗaya na haɗinsa a bar ɗayan.

Ana cikin wasa in kun ji rawar jiki, jiri, faɗuwar gaba ko yunwa mai tsanani, ku tsaya. Matsalar ita ce gumi da bugun zuciya sun yi kama da gajiya, shi ya sa gwaji duk bayan minti 30 ya fi dogaro da yadda kuke ji. Ƙasa da 70 faɗuwa ce. Ku sha suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi, ku jira minti 15 ku sake gwadawa. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba sa ceto a wannan lokaci.

Haɗarin da na fi jin tsoro shi ne na dare. Bayan an tashi wasa, tsoka takan ci gaba da jan suga don mayar da abin da ta kashe, har tsawon awa 24. Matashin da ya buga ƙwallo bayan la'asar yana iya kwanciya lafiya lau, suga ya faɗi cikin dare yana barci. Ku gwada kafin kwanciya, in ya yi ƙasa ku ɗan ci wani abu, ku ajiye abin zaƙi kusa da shimfiɗa. Ɗaga ƙarfe da gudu mai tsanani kan ɗaga suga na ɗan lokaci. Wanda ya firgita ya ƙara allura da yawa, shi ne faɗuwar dare ta fi kamawa.

Ku sanar da abokan wasa ko na aikin gona halin da kuke ciki. In mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, yana iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa ma'aikata yana kan insulin.