Ragowar Matsi a Faranti Masu Falle-Falle na Zaren Kabon

Kimanin rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787 ba ƙarfe ba ne, haɗaɗɗun kaya ne, galibinsu zaren kabon da aka jiƙa da wani ƙaro mai suna ifoksi, aka jera falle bisa falle, sannan aka gasa. Wannan maƙala ta dubi wani ƙarfi da ke ɓoye cikin irin wannan faranti tun kafin a ɗora masa kaya, wato ragowar matsi.

Tushen al'amarin yana wurin gashi. Akan gasa farantin a zafin da ya kai kusan digiri 180 a ma'aunin Salsiyos, inda ƙaron yake daskarewa ya riƙe zaren. Yayin da yake hucewa, ƙaron yakan tsuke ƙwarai, shi kuwa zaren kabon kusan ba ya raguwa ta tsawonsa. Saboda haka kowane falle yana tsukewa ta faɗi, ba ta tsawo ba. Idan aka gicciya wani falle a kansa, sai kowanne ya hana ɗan'uwansa sakewa. Wannan ja-in-ja ita ce ke zama a cikin farantin.

Idan jerin fallayen sama bai yi daidai da na ƙasa ba, farantin yakan lanƙwashe da zarar an cire shi daga mazubi. A 1981 Michael Hyer ya nuna cewa siraran faranti irin waɗannan sukan naɗe kamar ɓarin bututu, saɓanin siffar sirdi da tsohon ra'i ya yi hasashe. Daidaita jerin yana hana lanƙwasa, amma ba ya kawar da matsin. Ɓoye shi kawai yake yi.

Haɗarin yana ƙaruwa da sanyi, domin tazara daga zafin gashi ita ce ke ƙayyade girman matsin. A watan Nuwamba na 1999, tankin ruwan haidurojin na kumbon gwaji X-33 na Amurka ya lalace wurin gwaji. Sanyin digiri 253 ƙasa da sifili ya haddasa ƙananan tsage a fatarsa ta ciki, iska ta kutsa ta maƙale, ta kumbura da ɗumi ya dawo, ta ɓamɓare fatar waje. An soke shirin a 2001.

Don haka wajibi ne injiniya ya cire kason da ragowar matsi ya riga ya cinye daga ƙarfin farantin, kafin ya ƙididdige nauyin da zai iya ɗauka.