Akanta da Masana'antar da Ke Ciyar da Shi: Darasi daga Kakuri

Tambayar da ɗalibin ilimin kuɗi yakan fara yi in ya kusa kammala jami'a ita ce ina aiki yake, kuma nawa ne albashi. Amsarta ba a takardar digiri kaɗai take ba, domin akanta ba ya ƙirƙirar dukiya da kansa: lissafa ta yake yi, ya tsare ta, ya nuna inda ya kamata a kashe ta. Saboda haka arzikinsa a ɗaure yake da arzikin wurin da yake yi wa lissafi. Tarihin kudancin Kogin Kaduna ya isa hujja a kan wannan.

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, watau KTL, a Kakuri, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Cikin shekarun 1960 masaƙun UNTL da Arewa suka biyo baya, aka kuma kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a can a 1975, matatar mai ta Kaduna kuwa ta soma aiki a 1980. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana bukatar mai lissafin abin da aka kashe wajen sarrafa kaya, da mai tsara albashin dubban ma'aikata, da mai binciken littattafan kuɗi, da mai hulɗa da banki wajen sayo kayan aiki daga ƙetare. Wanda ya fito daga Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, ko daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ba ya daɗewa yana neman aiki a wancan zamani.

Daga baya al'amura suka juya. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, ga kuma atamfofin da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Ranar da aka rufe ƙofar KTL, akanta da masaƙi tare suka fita, an bar su duka suna bin haƙƙinsu na sallama.

Hanyoyin da suka rage wa mai digirin kuɗi sun kasu kashi huɗu. Ta farko aikin gwamnati, inda mai digiri yake shiga a mataki na 08, a ma'aikatar kuɗi ko hukumar tara haraji ko ofishin babban mai binciken kuɗi. Albashin ba shi da yawa, amma akwai kwanciyar hankali da fansho. Ta biyu aikin banki, wanda ya fi tsoka amma ya fi haɗari. Garambawul ɗin 2004 zuwa 2005 ya rage bankuna daga 89 zuwa 25, Bankin Arewa ma ya narke cikin Unity Bank, kuma da yawan masu zama a kanta yau ma'aikatan kwantiragi ne. Buɗe bankin Jaiz a 2012 ya ƙara wata ƙofa ga wanda ya haɗa ilimin kuɗi da sanin mu'amalar Musulunci. Ta uku kamfanonin binciken kuɗi da ba da shawara kan haraji. Ta huɗu kuwa tsayawa da ƙafa, watau riƙe wa makarantu da asibitoci da 'yan kasuwar Barnawa da Sabon Tasha littattafansu. A dukkan huɗun, abin da ke bambanta albashin mutum biyu masu digiri iri ɗaya shi ne takardar ƙwarewa: ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta ANAN, wadda doka ta amince da ita a 1993.

Game da albashi, wajibi ne a bambanta yawan kuɗi da ƙarfin kuɗi. Ƙarin Udoji, wanda aka biya a 1975, ya cika aljihun ma'aikata, amma farashin kaya ya bi shi a guje. Mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne, a lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya, watau ya haura dala 200. A 2024 an mayar da shi naira 70,000, wadda ba ta kai dala 50 ba a canjin wannan shekara. Lambar ta ninku sau 560, abin da take saye kuwa ya ragu.

Ke nan wanda aka koya wa karanta lissafin kamfani, ya kamata ya fara gwada iliminsa a kan mai son ɗaukarsa aiki. Ya duba me wurin yake sayarwa, wa ke saye, bashi nawa ke kansa, kuma ko yana zuba kuɗin fansho a kan kari. In lissafin bai gamsar da shi ba, yawan albashin da aka yi masa alkawari kada ya ruɗe shi, domin ma'aikatan Kakuri ma an yi musu alkawari.