SOJA YA NEMI DIYYARSA TUN BAI TUƁE KAKI BA

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama ya san inda hirarsu takan nufa in dare ya yi nisa. Sun tafi cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka sha daji da ruwan sama da zazzaɓi, yaƙi ya ƙare a 1945, sa'an nan aka komo da su aka sallame su. Wani ya komo yana ɗingishi, wani kunnensa ya toshe saboda ƙarar igwa, wani kuwa barci ya ƙaurace masa. Halin soja ne ko'ina a duniya, in ranar sallama ta matso, ba abin da ke ransa sai gida. Likita ya tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo, ya ce lafiya lau, don kada a tsai da shi. Bayan shekara goma ciwon ya tashi, a nemi takardar da za ta nuna a bakin aiki ya same shi, a rasa.

Yau muna so mu bayyana wa masu karatu yadda ƙasar Amurka ta shirya wannan al'amari. Dalilinmu biyu ne. Na fari, dokar Amurka ta yarda baƙon da ke da iznin zama na dindindin ya shiga soja, saboda haka akwai 'ya'yan Nijeriya da na Gana da ke sanye da kakin ƙasar, iyayensu na nan gida. Na biyu, akawuna da malaman makaranta su ne mutanen da jama'a ke kawo wa takarda a karanta musu ko a rubuta musu, kuma a cikin wannan labari akwai darasi babba game da darajar rubutu da ajiya.

ASALIN AL'AMARIN

Biyan sojan da ya nakasa tsohon abu ne a can. Tun 1636 Turawan da suka zauna a Filimos suka yi doka cewa wanda ya nakasa wajen tsare garin, jama'a ce za ta ɗauki nauyinsa. A 1776, lokacin yaƙin neman 'yanci daga Ingila, majalisarsu ta yi alkawarin fansho ga sojojin da suka nakasa. A 1930 aka tara ofisoshin da ke wannan aiki wuri guda, a 1989 kuma aka ɗaukaka hukumar ta zama cikakkiyar ma'aikata, watau Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda Amurkawa ke taƙaita sunanta su ce VA. Kowace shekara sojoji wajen 200,000 ne ke barin aiki, don haka hidimar ba ƙarama ba ce.

Diyyar nakasa dabam take da fanshon tsufa. Kuɗi ne da ake biya wata-wata, ba a cire haraji a ciki, ga wanda aikin soja ya jawo masa rauni ko cuta, ko kuwa ya shiga da ciwonsa aikin ya tsananta shi. Ba lalle sai a fagen fama ba. Wanda ya karye wajen rawar daji, da wanda bayansa ya lalace saboda ɗaukar kaya, da wanda firgitar yaƙi ke bi har cikin barci, duk suna da hakki. Amma wanda ya jawo wa kansa da ganganci, ko wanda aka kora kora ta wulaƙanci, wannan maganarsa dabam ce.

TSAKANIN KWANA 180 DA KWANA 90

Da, sai soja ya fita tukuna ya fara neman diyya, ya yi ta jira watanni ba albashi ba diyya. Don a toshe wannan rami aka fito da shirin da suke kira BDD, watau a ba mutum hakkinsa daidai lokacin sallama. Ƙa'idarsa ita ce, sojan da ya san ranar fitarsa ya miƙa takardar nemansa sa'ad da ya rage masa tsakanin kwana 180 da kwana 90. Ta haka ma'aikata za ta sami sarari ta duba takardunsa, likitoci su gwada shi tun yana bariki, a shirya hukunci a ajiye. Niyyar ma'aikatar ita ce ta yanke magana cikin kwana 30 bayan sallama.

Abubuwan da ake bukata ba su da yawa, amma kowanne da nauyinsa. Sai ya cika takardar nema mai lamba 21-526EZ, ya jera dukan ciwon da yake neman diyya a kansa. Sai ya haɗa da kofen littafin asibitinsa na soja, inda aka rubuta kowane zuwa da ya yi wurin likita. Sai ya cika takardar bayanin lafiyarsa da kansa, wadda likita zai duba ranar gwajin sallama. Sa'an nan ya zama yana nan kusa har kwana 45 daga ranar da ya miƙa takarda, don in an kira shi gwaji ya je. Wanda ya ƙi zuwa gwaji ba da wani uzuri ba, ya ɓata wa kansa, gama za a yanke hukunci bisa abin da ke cikin fayil kaɗai. Daga ƙarshe, in an sallame shi, takardar sallama mai lamba DD-214 ita ce ke rufe maganar.

Waɗanda rauninsu ya yi tsanani har aka ga ba za su iya ci gaba da aiki ba, ba ta wannan ƙofa suke bi ba. Su hukumar soja da ma'aikatar ke haɗuwa su gwada su tare, a yanke maganar sallamarsu da ta diyyarsu a tafiya guda.

SHAIDU UKU

Mai duba takarda abu uku yake nema. Na ɗaya, akwai ciwon yanzu, likita ya gani ya faɗi sunansa. Na biyu, akwai abin da ya faru a lokacin aiki, ko faɗuwa, ko harbi, ko cuta. Na uku, akwai igiyar da ta ɗaure na ɗaya da na biyu. A nan ne hikimar nema tun ana cikin kaki ta bayyana. Ciwon da likitan soja ya gani ya rubuta alhali mutum bai fita ba, ba shi da bukatar dogon bayani, gama igiyar a fili take. Amma wanda ya zo bayan shekara goma sha biyar ya ce gwiwarsa ta lalace a soja, za a tambaye shi me ya yi a cikin shekarun nan, kuma ina shaidar ba can ya ji ciwon ba.

Saboda haka shawarar da masana ke bai wa soja ita ce kada ya ɓoye ciwo don jarunta. Ya je asibiti a rubuta. Ranar gwaji kuma ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki a ranakun da ciwon ya fi tsanani, ba ƙari ba ragi. In littafin asibiti bai ambaci abin ba, doka ta yarda abokan aikinsa da suka gani da idonsu, ko matarsa, su rubuta shaida. Har wa yau dokar ta ce in shaidar da ke goyon bayansa da wadda ke sāɓa masa suka yi kunnen doki, to, shi za a ba gaskiya.

Akwai kuma cututtukan da aka ɗauke wa soja wahalar kawo shaida ta uku. Wasu masu daɗewa a jiki, irin su hawan jini da ciwon sukari da amosanin gaɓoɓi, in sun bayyana sosai cikin shekara guda bayan sallama, ana ɗauka aikin ne ya jawo su. A 1991 aka yi doka domin waɗanda suka yi yaƙin Biyetnam suka shaƙi maganin kashe ganyaye da ake kira Agent Orange. A watan Agusta na 2022 kuma Shugaba Biden ya sa hannu a kan dokar PACT, wadda ta shafi sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. Dukan dokokin nan biyu sun zo ne bayan an yi shekaru ana mayar da takardun mutane don rashin shaida.

LISSAFIN KASHI

In an yarda ciwo na aiki ne, sai a auna shi a ba shi kashi, daga sifili zuwa 100, ana hawa goma-goma. Ƙugin kunne, wanda shi ne ciwon da aka fi biyan diyya a kansa, kashi 10 ake ba shi. A 2024 mai kashi 10 yana karɓar dala 171.23 a wata, mai kashi 100 wanda ba shi da iyali kuwa dala 3,737.85. Daga kashi 30 zuwa sama ana ƙara wani abu saboda mata da 'ya'ya. Ko kashi sifili ma ba banza ba ne, gama ma'aikata ta riga ta amsa cewa ciwon na aiki ne, in ya tsananta nan gaba sai a nemi ƙari kawai.

Malaman lissafi za su ji daɗin yadda ake haɗa ciwo biyu. Ba tarawa ake yi kai tsaye ba. A ce mutum yana da kashi 50 saboda baya, da kashi 30 saboda gwiwa. Ana ɗaukarsa cikakken mutum mai 100, a cire 50, saura 50. Sa'an nan a ɗauki kashi 30 na wannan saura, watau 15, a haɗa da 50 na fari, ya zama 65. Sai a kai shi ga goma mafi kusa, ya tashi 70, ba 80 ba. Sojoji da yawa sukan ga kamar an cuce su, alhali ƙa'idar ke nan, don kada jimla ta wuce 100.

WANDA YA MAKARA

Wanda ya bari har kwanakinsa suka gaza 90, ƙofa ba ta rufe ba. Yana iya miƙa takarda, sai dai za ta bi layin kowa da kowa. Abin da ya kamata ya riƙe shi ne shekara guda. In takardarsa ta isa ofis cikin shekara guda bayan sallama, ana ƙidaya hakkinsa daga kashegarin ranar da ya fita. In ya wuce haka, daga ranar da takarda ta iso za a fara, abin da ya wuce kuwa ya wuce. Mai kashi 10 da ya yi sakaci shekara uku, bisa kuɗin 2024, ya yi asarar abin da ya haura dala 6,000. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ba lalle ne soja ya yi wannan fama shi kaɗai ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, irin su American Legion da aka kafa a 1919, suna da wakilai da ma'aikata ta amince da su, masu taimako kyauta. Doka ta hana lauya karɓar lada a kan takardar nema ta fari, sai bayan an yanke hukunci ana jayayya. Duk da haka akwai 'yan damfara da ke yi wa sojoji romon baka su yanki rabo daga kuɗinsu, sai a yi hattara.

In hukunci ya fito bai gamshe shi ba, tun Fabrairu 2019 hanya uku ke gabansa. Ko ya nemi babban ma'aikaci ya sake duba fayil ɗin, ko ya kawo sabuwar shaida, ko ya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sauraron ƙararraki. Ya yi ɗaya daga ciki kafin shekara ta cika, don kada ya rasa ranar da aka fara ƙidaya masa. Bayan wannan akwai kotu ta musamman da aka kafa bisa dokar 1988.

GOBARAR SEN LUWIS

Za mu rufe da labarin da ya shafi akawuna kai tsaye. Ran 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a babban ɗakin ajiyar takardun sojoji da ke birnin Sen Luwis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 da miliyan 18, kuma ba a ajiye kofensu a wani wuri ba. Cikin sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, kusan huɗu cikin kowane biyar takardunsu sun salwanta. Tsofaffi da suka yi yaƙin duniya da na Koriya suka zo neman hakki aka ce babu fayil, sai aka koma ana tsintar shaida a littattafan albashi da na asibitoci. Wanda ya ajiye kofen takardarsa a akwati, shi ne ya huta.

To, jama'a, in gwamnati mai ƙarfi irin wannan takardunta na iya ƙonewa cikin 'yan kwanaki, ina ga sauran? Wanda ke da ɗa ko ƙane a wannan aiki, ya aika masa ya ƙidaya kwanakinsa, ya je asibiti a rubuta abin da ke damunsa, ya karɓi kofen littafinsa ya adana. Akawun da ke riƙe da fayil ɗin wani kuma ya tuna, layin nan guda da ya rubuta yau, ko ya yi ƙyuyar rubutawa, watakila shi ne abincin wani tsoho da iyalinsa bayan shekara talatin.