Wuta daga ruwa: Igiyar teku ta yi mana nisa, amma kogi na bakin ƙofa

Duk lokacin da aka yi maganar samar da lantarki daga igiyar teku, tambayar da nake yi ita ce: ina rabon manomin Mai Wurno ko na ƙauyukan Jazira a ciki? Sudan tana da gaɓa mai tsawon kusan kilomita 850 a Bahar Maliya, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wuta ta zama sai an gani. Don haka maganar ta shafe mu.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A garin Mutriku na ƙasar Sifaniya, tun 2011 aka gina ɗakuna a jikin katangar tashar jiragen ruwa. Igiya ta shigo ta ƙasa, ta tura iska sama, iskar ta juya farfela, farfela ta juya janareta. Farfela 16 ne, amma gaba ɗaya kilowat 296 suke bayarwa. A Fotugal kuwa, an ƙaddamar da injinan Pelamis guda uku a 2008, cikin 'yan watanni aka janye su, kamfanin kuma ya durƙushe a 2014. Gishiri yana cin ƙarfe, guguwa tana karya inji, gyara a tsakiyar teku kuma kuɗi ne ba na wasa ba.

To, balle Bahar Maliya, wadda ƙasa ta kewaye ta, igiyarta ba ta kai ta Tekun Atilantika ƙarfi ba. Ko da an samu wutar a Port Sudan, sai an ja ta ɗaruruwan kilomitoci kafin ta iso Sinnar. A ganina, wannan ba namu ba ne tukuna.

Namu shi ne Bahar Azrag, Shuɗin Nilu. A bakinsa jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, suka yada zango bayan yaƙin Burmi na 1903. Madatsar Sinnar da aka kammala a 1925 ita ta shayar da hawashoshin Jazira, inda kakanninmu suka yi ta tsinkar auduga. An ƙara mata tashar lantarki mai megawat 15 a 1962. Madatsar Rusairis da ke kusa da Damazin an gama ta a 1966, tasharta tana da ƙarfin megawat 280, an kuma ƙara mata tsayin mita 10 a 2013.

Sai dai yaƙi ya nuna raunin dogaro da manyan tashoshi. A farkon 2025 jirage marasa matuƙi sun kai hari kan kayan wutar madatsar Marawi, jihohi da dama suka faɗa duhu. Wuri ɗaya aka taɓa, miliyoyi suka ji a jikinsu. Mai lambun albasa a bakin kogi kuwa, babur ɗin ban-ruwansa sai da jas, ga tsada, ga ƙaranci.

Nan ne 'yar'uwar fasahar igiyar teku take da amfani, wato injin da gudun ruwan kogi ke juyawa, babu madatsa, babu mai. Kuma ba baƙon abu ba ne a Nilu. A farkon shekarun 1980, wani injiniya ɗan Birtaniya, Peter Garman, ya gwada irinsa a Juba a kan Farin Nilu: farfela a ƙarƙashin kwale-kwale da aka ɗaure, ruwa yana juya ta, ita kuma tana tura ruwa zuwa lambu. Sirrin shi ne ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma idan gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin da ake samu yana ninka takwas. Abin da sagiya ta yi wa mutanen da ke nan, sai dai wannan ba ta buƙatar sa.

Akwai cikas, ba zan ɓoye ba. Da damina kogin nan yana zuwa da laka da itatuwa, waɗanda ko injinan Rusairis sun sha toshe musu baki. Da rani kuma ruwa ya ja baya, gudunsa ya mutu. Amma babbar madatsar Habasha da aka buɗe a Satumban 2025 tana sauya halin kogin: laka tana raguwa, ruwa yana zuwa daidai-daidai duk shekara. Masu yin bulo da masu noman bakin kogi sun yi asarar lakar, amma ƙaramin injin kogi irin ruwan da yake so ke nan, muddin ƙasashen biyu suna sanar da juna lokacin sakin ruwa.

Shawarata ga ƙungiyoyin manoma da kwamitocin ƙauyuka: kafin a sayi komai, a auna gudun ruwa da zurfinsa a watannin rani, a nemi ɗaliban injiniya na Jami'ar Jazira da ke Wad Madani su taimaka. Inda ruwa ke gudu, a gwada inji ɗaya. Inda ba ya gudu, sola ta fi sauƙi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.